Ke Kika Karɓa

A ɗakin kwantar da mata na asibitin akwai doka ɗaya da Babbar Sista ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. In lokacin miƙa aiki ya yi, nas mai tashi da mai karɓa sai sun bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, kuma mai karɓa ita za ta yaye zanin rufa da hannunta, ta juya mara lafiya, ta duba gadon bayanta da ƙugunta da dugaduganta. Dalili kuwa, wadda ba ta iya motsi in aka bar ta a gefe ɗaya, fatar wajen takan yi ja, ta yi duhu, ta fashe ta zama gyambo. Babbar Sista takan ce wannan gyambon ba cuta ce ke kawo shi ba, ragwancin nas ne. Da zarar kin buɗe baki kin ce kin karɓa, duk abin da aka tarar a gadon naki ne, ko da wata ce ta bar shi. Doka ce mai kyau, ba mai musu. Shekara da shekaru ba a ga gyambon kwanciya a ɗakinta ba, kuma da wannan take ɗaga kai a gaban likitoci.

Sai ga sababbin nas an turo mata zaman gwaji. Wadda Babbar Sista ta ce ta yi, a tabbatar mata da aiki. Wadda ta ce ba ta yi ba, ta kama gabanta. Biyu daga cikinsu a gidanta suke kwana suke tashi. Ɗaya Auta ce, 'yarta ta cikinta, doguwa, mai son latsa waya da kallon madubi. Ɗayar 'yar ƙaninta ce da uban ya kawo riƙo don ta yi karatun jinya, yaran gidan suna ce mata 'Yar Kawu har sunan ya bi ta asibiti. Auta aka sa aikin safe, 'Yar Kawu na rana, don haka kullum daga hannun Auta take karɓa.

A gadon lungu, jikin taga, akwai wata tsohuwa da ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ne kawai ya tsira. Wata rana Babbar Sista tana zagaye, tsohuwar ta riƙo gefen rigarta da hannunta mai lafiya, ta nuna mata 'Yar Kawu da haɓa, tana can tana gyara wa wata ƙarin ruwa.

"An ce kina da 'ya a nan, ni tun kafin a nuna min na gane ta," in ji tsohuwar. "Allah ya yi mata albarka, hannunki ta ɗauko. In ta juya ni, ko jariri sai haka. Amma waccan doguwar ta safe, ko 'yar waye oho, uwarta ba ta yi aiki ba. Sai dai ta ja zani ta lulluɓe ni ta wuce."

Babbar Sista ta yi yaƙe ta ce amin, ta zare rigarta ta yi gaba. Wallahi da mari tsohuwar ta ɗauke ta da shi da ya fi mata sauƙi. Har ta koma ofis maganar na cin ta a rai, ba don ƙarya aka yi ba, sai don abin da ta daɗe tana kau da kai daga gare shi ne aka faɗa mata ido da ido, masu jinya na kusa suna ji. Ita ta haifi Auta, ita ta zauna tana yi mata bitar karatu har ta haye jarrabawa da ƙyar. Ƙaninta kuwa kafinta ne, bai san komai ba sai zarto da ƙusa, amma shi Allah ya ba 'yar da ake cewa hannunta ta ɗauko. Kishi ne ya turnuƙe ta, kishi tsagwaronsa, sai dai ba ta yarda ta kira shi da sunansa ba. Ta ce wa ranta yarinyar nan neman suna take yi a wurin marasa lafiya, kuma gara a taka mata burki tun da wuri.

Ba a jima ba dalili ya samu. A wajen miƙa aiki 'Yar Kawu ta yaye zanin tsohuwar kamar yadda aka koya mata, ta tarar da shimfiɗar a jiƙe sharkaf, ƙugun ya fara ja. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai roƙi Auta ta tsaya su canja mata tare kafin ta tafi. Auta ta ga sauran nas suna kallo, ta cika ta yi fam, ta ɗauki jaka ta fice. Tun a mota ta zayyana wa uwarta, har da hawaye, wai an tozarta ta a gaban jama'a.

A gida Babbar Sista ba Babbar Sista ba ce, Gwaggo ce. Da 'Yar Kawu ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba aka kira ta falo.

"Ke yanzu har kin yi girman da za ki riƙa bin diddigin 'yar'uwarki a gaban bare?" in ji Gwaggo. "Kwano ɗaya kuke ci, ɗaki ɗaya kuke kwana. In ta ce miki gado lafiya, maƙaryaciya ce da sai kin yaye kin gani?"

'Yar Kawu ta sunkuyar da kai ta ce ai doka ce, kuma Gwaggo da bakinta ta koya musu.

"Dokar ni na kafa ta, ba sai kin karanta min ita ba. Asibiti daban, zumunci daban. Kada in ƙara ji."

Wai ko ta san abin da ta aikata? Ta sani mana. Macen da ta tsufa a aikin jinya ba za ta ce ba ta gane ta ɗaure yarinya ta gaba ta ɗaure ta ta baya ba. In ta yaye zani ta saɓa wa Gwaggo a gida, in ba ta yaye ba ta saɓa wa Babbar Sista a wurin aiki, kuma mutum ɗaya ce duka. Amma da ta kwanta hutawa, sai ta ce wa kanta tarbiyya ta yi, yaran yanzu sai da haka.

Tun daga ranar al'amura suka sauya wa 'Yar Kawu. Tunda ita ce mai aikin rana, aka ce ai safiyarta a banza take, sai duk aikin gidan ya dawo kanta: shara, wanke-wanke, cefane, ɗora tukunya, wankin fararen kayan Auta da gugarsu. Uwa da 'ya sun tafi a mota tun da sassafe, ita sai ta gama ta fito bakin titi neman bas. In ta iso a makare ko da kaɗan ne, za ta tarar da Babbar Sista a ƙofar ɗaki, ido a kan agogon hannu. Nan za a wanke ta tas a gaban marasa lafiya: hularta a karkace, takalminta da ƙura, rigarta ta yi gumi, wace irin nas ce ke zuwa wurin aiki tana haki. Faratan Auta kuwa zaƙo-zaƙo har da jan fenti, abin da ko ɗaliba ta san haramun ne a ɗakin marasa lafiya, amma idon uwar bai taɓa sauka a kansu ba.

Mataimakiyarta, wata mai sanyin hali, ta taɓa ce mata ko za ta ɗan sassauta wa yarinyar, don ta ga ta rame ta yi baƙi. Babbar Sista ta ce 'yar gidanta ce, in ta sassauta mata gobe a ce son kai take yi. Mataimakiya ta buɗe baki za ta tambayi ita Autar 'yar gidan wa ce, sai ta tuna saura kaɗan ta yi ritaya, ta ja bakinta ta tsuke.

Abin haushin shi ne duk wannan bai hana a yabi yarinyar ba. Babban likita in ya ga ciwo an ɗaure shi tsaf yakan tambayi wa ya yi, Babbar Sista ta ce yaran ne, ta ja shi gado na gaba. Masu jinya suna tare ta a baranda suna tambayar yaushe ƙaramar nan mai fara'a za ta zo. Har a gida ba ta tsira ba. Maigidanta mai hawan jini, in ta ɗauko abin awo za ta auna shi, sai ya ce ta bari 'Yar Kawu ta dawo, ita ba ta matse masa hannu. Ita da ta auna jinin mutanen da ba su ƙirguwa, yau mijinta ke jiran 'yar kafinta. Ta mayar da abin awon cikin durowa da ƙarfi har murfin ya tsage.

A wajen miƙa aiki kuwa, 'Yar Kawu ta koyi sabon salo. Auta za ta wuce gadaje tana cewa lafiya, lafiya, ita tana biye tana cewa ta karɓa, hannunta a bayanta. Sai Auta ta fita sannan ta koma gadon lungu da sauri, ta canja shimfiɗa, ta goge tsohuwar, ta shafa mata mai, ta juya ta, ta tokare ta da filo. Amma abin da aka ɓata tun safe har azahar, gyaran rana ba ya mayar da shi. Jan nan ya ƙi tafiya, ya fara duhu. Mai aikin dare, tsohuwar hannu ce, ta gani sarai, ta kuma san 'yar wa ke aikin safe, sai ta yi nata juyin ta yi shiru.

'Yar Kawu ta yi ta maza wata rana ta sami Gwaggo a kicin, ta fara da cewa ƙugun tsohuwar nan yana ba ta tsoro. Gwaggo ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce maganar asibiti a asibiti, nan gida ne. Washegari yarinyar ta ƙwanƙwasa ƙofar ofis ta sake ɗauko maganar. Babbar Sista ta cire tabarau ta tambaye ta, gadon ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Ta ce ta karɓa. Aka ce to ta je ta ji da abin da ta karɓa, kuma ta ja ƙofar in za ta fita.

Ƙofar ta rufu. Babbar Sista ta san ma'anar duhun da ƙugun ya fara, ta kuma san abin da ya kamata: ta tashi ta je ta duba da idonta, ta kira Auta ta ci mata mutunci kamar yadda ta ci wa ɗaruruwan 'ya'yan mutane har suka zama nas na gari. Har ta dafa tebur za ta miƙe. Sai ta hango kanta tsaye a gadon lungu tana tabbatar wa tsohuwar nan cewa e, gaskiya ta faɗa, uwar doguwar ba ta yi aiki ba. Ta koma ta zauna ta mayar da tabaraunta.

Ranar da abin ya fashe, babban likita ne ya shigo zagayen bazata jim kaɗan bayan miƙa aiki. 'Yar Kawu ba ta sami komawa gadon lungu ba, don Babbar Sista ta aike ta ɗakin magani karɓo auduga da bandeji. Likitan yana isa jikin taga ya yamutsa fuska, ya yaye zanin da kansa, ya sa aka juya tsohuwar. Fatar ta buɗe, faɗin tafin hannun yaro, tana ruwa. Likitan ya juyo ya dubi Babbar Sista, ya ce a ɗakinta, ita da ake kafa misali da ita.

Daidai nan 'Yar Kawu ta shigo rungume da kwali. Auta tana can waje cikin mota tana jiran uwarta ta fito hutun rana.

"Wa ta karɓi gadon nan?" in ji Babbar Sista, muryarta ko rawa ba ta yi.

"Ni ce."

"Kin yaye zanin kin duba?"

Yarinyar ta ce, "Ban yaye ba."

"Me ya hana ki?"

'Yar Kawu ta ɗago ta dube ta. Ba harara ba ce, ba roƙo ba ne, kallo ne na wadda ke jira ta ga ko babba zai ji kunya. Kalma biyu kawai za ta faɗa ta tsira, kuma Babbar Sista ta tsaya tana jiran su. Amma yarinyar da ta ci abincin gidan, wadda ubanta ba ya ɗaga ido ya kalli yayarsa don girmamawa, ina za ta iya. Ta mayar da kanta ƙasa ta ce ba komai.

Tsohuwar ce ta ɗaga murya daga kwance, tana cewa ba ita ba ce, doguwar nan ce ta safe, a bar yarinyar mutane. Babbar Sista ta dafa kafaɗarta da tausasawa, ta ce wa likitan ciwon ya fara taɓa mata kai, safe da rana duk ɗaya ne a wurinta. Likitan ya ce gyambon nan ba na yau ba ne. Ta ce ai abin da ya fi ɓata mata rai ke nan, ashe an daɗe ana karɓa ba a dubawa, ana gani ana ɓoyewa. Ta ƙara da cewa ta safen ma za ta ja mata kunne. Jan kunnen da aka yi wa Auta shi ne a mota uwar ta ce mata ta riƙa kula, ita kuma ta ce to, idonta a kan waya.

Da lokacin gwaji ya cika, manyan asibitin suka zauna suka nemi jin ta bakinta a kan kowace yarinya. Da aka zo kan 'Yar Kawu ta yi ajiyar zuciya, ta ce 'yar ƙaninta ce, a gidanta take, amma ba za ta iya cewa a bar mata marasa lafiya ba. Wani mai furfura a cikinsu ya ce da ana samun shugabanni masu gaskiya irinta da aikin jinya bai lalace ba. Aka tabbatar wa Auta da aiki, aka sallami 'Yar Kawu.

Maigidan ne kaɗai ya tanka. Ya ce shi bai yi karatunsu ba, amma ya yi jinyar mahaifiyarsa, ya san gyambo ba ya fitowa tsakanin azahar da la'asar. Ta ce masa au, shi ma bayan 'Yar Kawun yake. Ta tashi ta bar masa falon, shi kuma da yake mai son zaman lafiya ne bai sake ɗaga maganar ba.

Ƙanin nata ya zo da yamma ɗaukar 'yarsa, hularsa da ragowar garin katako. Babbar Sista ta shirya wa rigima, ta tanadi amsoshinta tsaf. Sai ga shi ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa gefen ƙafarta.

"Yaya, ni ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba," in ji shi. "Kin ci da ita, kin sha da ita, kin kai ta inda ni ba zan iya ba, ta rasa da abin da za ta saka miki sai ta ba ki kunya a wurin aikinki. Ki yafe mana don Allah."

Ya juya ya yi wa 'yar faɗa sosai, ya ce ta durƙusa ta roƙi gwaggonta gafara. Ta durƙusa, ta roƙa, idonta a bushe ƙamas. Babbar Sista ta ji bakinta yana cewa ba komai, ai 'ya ce, Allah ya sa hakan ya zama darasi.

Ta tsaya jikin labule tana kallon su suna fita. A bakin ƙofar gida, mutumin da ya gama faɗa yanzun nan ya karɓi jakar daga hannun 'yarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ɗora ɗaya hannun a kanta. Nan ne yarinyar ta fashe da kuka, ya tsaya yana share mata fuska da bakin rigarsa, masu wucewa na kallo, ko a jikinsa. Babbar Sista ta zaci in yarinyar ta bar gidan abin da ya tokare mata ƙirji zai sauka. Ina! Sai ma ya ƙaru. An kore ta, an ɓata mata suna, ba aiki ba komai, amma har yanzu 'yar kafinta ta fi tata, kuma ita ta fi kowa sani.

"Mama," in ji Auta daga kan doguwar kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kayana na gobe fa ba a goge ba. Kuma wa za ta riƙa karɓa a hannuna yanzu? Don Allah kada ki haɗa ni da mai bin ƙwaƙƙwafi."

Uwar ta juyo ta dube ta tun daga faratan har gashin kai. Wannan ce nas ɗin da ta tabbatar, wannan za a bar wa gadajen mutane har ta tsufa. Faɗan da ya kamata ta yi tun ranar farko ya taso mata. Ta haɗiye shi, ta je ta jona dutsen guga da kanta.

Da safe ta tara sababbin nas ɗin da suka rage a ƙofar ofis, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce mai idon tsaye, ta wuce wadda yayanta likita ne, ta wuce mai tsiwar nan da ba ta barin ta kwana. Can ƙarshen layi akwai wata siririya mai shiru-shiru, wadda uwarta ke goge-goge a ɗakin haihuwa, kullum sai ta zo ta gaishe da Babbar Sista tana cewa ga amanarta nan.

"Ke," in ji Babbar Sista. "Daga yau kin koma aikin rana. Ke za ki riƙa karɓa a hannun Auta."

Yarinyar ta washe baki don murna an zaɓe ta, har da rusunawa ta yi godiya.